Damben ƙarafa: a kalla da yara ko a bari? Amsoshin tambayoyinku

Da hutun makaranta ya kama, sai saƙonnin da ke shigowa wannan fili su karkata ga abin da za a kalla da yara. A wannan karon fim ɗaya ne sunansa yake ta dawowa, wato Real Steel, wanda yara ke kira fim ɗin damben mutum-mutumi. Ba sabo ba ne, tun watan Oktoba na 2011 ya fito. Na tattaro tambayoyin da suka shafe shi wuri guda. Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a faɗa masa ƙarshen labari ya yi haƙuri, ba yadda za a yi a ba iyaye shawara ba a faɗi abin da ke ciki ba.

Assalamu alaikum Malam. Yarana uku ne, babban shekararsa 13, mai bi masa 10, autar kuma 6. Sun hana ni sakat sai na samo musu wannan fim. Ni ban san shi ba, na dai ji an ce dambe ne. Ya dace in sa musu? Daga wani magidanci a Gusau.

Wa alaikumus salam Malam. Manyan biyun su kalla, amma kana zaune. Autar a nemo mata wani abin, ko a bari sai ta yi barci.

An ɗora labarin ne a Amurka a shekarar 2020, wadda a lokacin da aka yi fim ɗin ba ta zo ba tukuna. Mutane sun daina shiga fagen dambe, saboda 'yan kallo suna son ɓarnar da jikin ɗan Adam ba zai iya ɗauka ba. Sai aka koma haɗa ƙattin mutum-mutumai na ƙarfe, masu su suna gefe suna juya su da rimot ko da murya. Hugh Jackman ya fito a Charlie Kenton, tsohon ɗan damben da zamani ya wuce ya bari, yana yawo gari-gari a babbar mota, bashi ya yi masa katutu. Ana haka aka aiko masa cewa matar da ta haifa masa ɗa ta rasu. Ba aure a tsakaninsu, ka shirya amsa idan babban ya tambaya. Yaron, Max, shekararsa 11, uban ko shekarun bai riƙe daidai ba. 'Yar'uwar marigayiyar tana son riƙon yaron, mijinta kuma mai hali ne. Sai Charlie ya ja mijin gefe suka ƙulla ciniki a ɓoye: a ba shi dala 100,000 ya sa hannu ya sallama ɗansa, rabi yanzu, rabi idan sun dawo daga yawon hutu a Italiya, shi kuma ya riƙe yaron kafin nan. Da kuɗin ya sayi wani mutum-mutumin mai suna Noisy Boy, aka yi masa raga-raga a daren farko saboda zalama da taurin kai irin nasa.

Daga nan ne suka kutsa wani filin tsofaffin ƙarafa da dare cikin ruwan sama, suna neman kayan gyara. Yaron ya zame a gangare, saura ƙiris ya faɗa rami, sai hannun wani tsohon mutum-mutumi da ke binne cikin taɓo ya tare shi. Uban ya ce shara ce. Yaron ya kwana yana tono shi kaɗai, ya jawo shi a kura. Sunansa Atom, irin waɗanda ake ƙerawa don manya su riƙa koyon duka a jikinsu, ya iya shan naushi amma bai iya bayarwa ba. Sauran fim ɗin tashin Atom ne daga ƙananan gidajen dambe zuwa gaban zakaran duniya mai suna Zeus, da kuma yadda uban ya fara jin kunyar kansa.

Hukumar tace finafinai ta Amurka ta ba shi lambar PG-13, ma'ana a yi hattara da wanda bai kai 13 ba. A faɗan ƙarafan ba jini, baƙin mai ne ke tsiyaya, amma ana cisge hannu, ana fille kai, ga ƙara. A farkon fim ma an haɗa mutum-mutumi da bijimin sa. Wurin da zai firgita autarka shi ne inda masu bin Charlie bashi suka tare shi da dare suka lakaɗa masa duka a gaban ɗansa, suka kwashe kuɗinsu. Wannan mutane ne da mutane, kuma yaron yana ihu. Akwai kwalaben giya, akwai 'yan zage-zage, akwai sumba tsakanin Charlie da Bailey, 'yar tsohon mai horar da shi, sannan shigar matan da ke gidajen damben ba irin tamu ba ce.

Ni dai abin da na fi so ka sa wa ido shi ne caca. Daga farko har ƙarshe kuɗi ake zubawa a kan faɗa. Fim ɗin ya nuna yadda caca ta tsiyata Charlie, amma kuma ya nuna yaro ɗan shekara 11 yana cinikin abin da za a sa da bakinsa, yana ninkawa, yana ci, ana tafa masa. Da shagunan cacar ƙwallo a kowace kwana da kuma cikin wayoyi, ɗan shekara 13 ba zai rasa abin da zai ɗauka a nan ba. Idan an zo wurin ka tsayar da fim ɗin ka tambaye shi me ya kai mutumin nan ga sayar da ɗansa. Bari shi ya faɗa da bakinsa.

Za kuma ka ji yaron yana kiran ubansa da sunansa gatsal, yana mayar masa da magana. Kada ranka ya ɓaci tun da wuri. Da gangan aka yi, domin sai can ƙarshe yake kiransa Baba, kuma uban ne ya yi aikin da ya jawo hakan.

Malam, mun rabu da mahaifiyar ɗana tun yana shekara 3. Yana hannun kakarsa a Katsina, ni ina aiki a Fatakwal. Yanzu yana da 12, kuma zai zo mini hutun mako 3, karon farko da za mu zauna mu biyu. A waya daga gaisuwa sai shiru. Wani abokina ya ce in sa mana wannan fim mu kalla tare, in kuma saya masa babbar waya. Wanne zan fara? Daga wani ma'aikaci.

Ɗan'uwa, Allah ya saka da wannan niyya. Ko ɗaya kada ka fara da shi.

Fim ɗin tukuna. Ka kalle shi kai kaɗai kafin yaron ya iso. Abokinka ya tuna rawar da Max yake yi da Atom kafin a fara faɗa, da rungumar ƙarshe, ya manta cewa rabin farko labarin uba ne da ya tsallake ya bar jariri, ya kuma karɓi kuɗi a kansa. Ka sa yaronka a gaban wannan a daren farko, a gidan da bai saba ba, kusa da mutumin da yake jin nauyinsa. Bai san me kake nufi ba. Ban haƙuri ne? Habaici ne? Ko so ake ya yi kuka? Zai yi tsit yana wasa da yatsunsa, kai kuma ka ɗauka bai ji daɗi ba. A mako na biyu, bayan kun ci abinci a kwano ɗaya sau da yawa, ya san inda kake ajiye sukari, to a lokacin fim ne kawai na dariya da ihu, kuma idan wani wuri ya taɓa shi yana da bakin faɗa ko ya yi shiru ba tare da tsoro ba.

Idan kana kallon naka, lura da inda uban da ɗan suke magana. Kusan ko sau ɗaya ba su zauna fuska da fuska don su fahimci juna ba. A gaban mota suke magana, ido na kan titi. A wajen gyara suke magana, hannu na cikin waya da sukurori. Atom yana da wani tsari na kwaikwayo, duk motsin da mutum ya yi a gabansa sai ya maimaita. Yaron ya iya haɗa na'ura amma bai san dambe ba, sai ya matsa wa uban ya koya wa Atom. Akwai wani wuri da sassafe, Charlie ya fito shi kaɗai yana kai naushi a iska, ƙarfen yana bin sa, ƙafa da ƙafa, kafaɗa da kafaɗa. Mutumin da tun farkon fim ba ka ga ya yi abin kirki ba, sai ga shi ashe akwai abin da ya iya. A nan ne yaron ya fara kallonsa da wani ido. Kuɗin da Charlie ya samu a kansa ba su ƙara masa komai a wurin yaron ba, ƙarshe ma da ya mayar da shi ƙin karɓar ragowar rabin ya yi.

To kai me ka iya? Idan wurin aikinka ana barin yaro ya shiga, tafi da shi ko na yini ɗaya ne. Idan ka iya gyaran janareta, ka kwance shi a gabansa ka ba shi riƙon sifana. Idan tuƙi ne, ka bi da shi hanya mai nisa ka nuna masa teku, ɗan Katsina ne, wataƙila bai taɓa gani ba. Idan kuma sayayya kake so ka yi, sayi abin da ba ya yiwuwa sai da mutum biyu: ƙwallo, ludo, dara, keken da ke buƙatar gyara. Babbar waya akasin haka take yi. Ranar da ka miƙa masa ita, ranar ya shige ɗaki, sauran kwanakin sai dai ka ga ƙeyarsa.

Shirun da yake maka a waya kuma kada ka fassara shi da ƙiyayya kai tsaye. Yaron da ya tashi a hannun kaka a Katsina an koya masa cewa ba a sakin baki a gaban uba, ba a haɗa ido da shi. Idan ɗan fari ne, wataƙila kai ma kana da taka alkunyar. Max na cikin fim yaron Amurka ne da marubuta suka sa wa magana a baki, yana faɗar abin da ke ransa ɗaya bayan ɗaya, har ya gaya wa uban cewa abin da yake so tun farko shi ne ya tsaya masa. Naka ba zai faɗa ba. Alamarsa ita ce ya fara biyo ka ƙofa idan za ka fita, ko ya ajiye maka ragowar abin da ya saya.

Kada kuma ka auna mako 3 ɗinka da fim. Su sun ɗinke ɓarakar shekara 11 a cikin minti 127, da kiɗa a bayansu. Ko a can ɗin ma ba a nuna riƙon yaron ya dawo hannun uban ba, izinin dare ɗaya ya roƙa daga 'yar'uwar uwar.

Maganar waya, kakarsa za ka fara tuntuɓa, domin ita za ta zauna da abin da wayar za ta haifar bayan ka koma bakin aikinka. Idan ta yarda, ƙarama mai madannai ta isa, ka ba shi ana gobe zai tafi, ku tsayar da ranar da za ka riƙa kira duk mako. Ranar nan ko kana cikin ruwa ka kira.

A ina zan samu fim ɗin? In biya kuɗin wata a manhajar kallo, ko in je wajen masu turi? Sannan ina tunanin sayen ƙaramin majigi saboda yara, maimakon talabijin. Daga wata uwa a Maraɗi.

Hajiya, kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar fim ɗin yana cikin manhajar a ƙasar da kike. Lasisin finafinai ƙasa-ƙasa ake sayar da shi kuma yana ƙarewa, abin da ɗan'uwanki yake gani a Ingila ba lallai ki gan shi a Nijar ba. Biyan kuɗin wata saboda fim ɗaya asara ce, sai idan kin lissafa wasu huɗu ko biyar da za ku kalla a watan. Idan kin biya, ki sa ranar sokewa a kalanda, domin da kansu suke sake cirar kuɗi.

Data ma abin lissafi ce. A ƙiyasin Netflix, awa ɗaya a matsakaicin hoto tana cin kusan giga 1, a hoto mai kyau sosai kuma har giga 3. Fim ɗin ya ɗan haura awa 2. Sauke shi sau ɗaya a matsakaicin hoto ya fi, tunda yara ba sa kallon fim sau ɗaya.

Na masu turi ya fi araha, kowa ya sani, amma waɗanda suka yi fim ɗin ba sa samun komai a ciki, kuma ba ki da tabbas a kan abin da za a zuba miki. Idan can kika je, kai memori ko filashi, kada ki miƙa wayarki. Idan mai fassarar Hausa ne, saurari wasu wurare tukuna. Masu fassara sukan ƙara gishiri don a yi dariya, wani lokaci gishirin ya fi na ainihin fim ɗin nauyi a kunnen yaro.

Majigi kuwa, ƙananan nan masu araha sun fi kyau a hoton talla. Lambar hasken da ake rubutawa a kwalinsu sau da yawa kumbura ta ake yi, wadda ake iya dogaro da ita ita ce mai alamar ANSI a gefe. Haka kuma a rubuta cewa yana karɓar 1080, wato lambar kyan hoto, ba ya nufin 1080 yake haskawa. Da rana ba a ganin komai sai an toshe tagogi, lasifikarsa ba ƙarfi, ƙurar hunturu tana shiga ta zauna a gilashin ciki ta zama ɗigo a bango, kuma da yawansu idan aka haɗa da waya manhajojin biya sai su nuna baƙin allo. Talabijin mai inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, ƙaramar sola tana ɗaukarta, kuma za ta yi shekaru. Idan kuɗin na abu ɗaya ne, talabijin. Idan kin riga kina da ita kuma kina son kallon tsakar gida da dare, to a kunna majigin a gabanki a shago, fitila a kunne, kafin ki biya.

Tun da ɗana mai shekara 12 ya kalli fim ɗin ba shi da magana sai ta mutum-mutumi. Yana so in saya masa masu dambe da rimot, kuma ya sauke wasan fim ɗin a wayata yana ta roƙon in sa masa kuɗi. Me kuke gani? Daga Maman Abba a Kaduna.

Wasan waya tukuna, don shi ne mai gaggawa. Sauke shi kyauta ne, amma an gina shi yadda yaro zai kai wani mataki ya maƙale, sai ya sayi zinaren cikin wasa ko sabon ƙarfe. Yau ɗin nan ki shiga saitin Play Store ki sa a riƙa neman kalmar sirri a kowace sayayya, ki kuma cire katin banki idan yana ajiye a ciki. Ya buga na kyautar, da lokacin da kika yanka masa.

Masu dambe da rimot kuwa, daɗinsu na mako ɗaya ne. Motsi biyu ko uku suke da shi, haƙoran cikinsu na roba ne, kuma aikinsu shi ne su doki juna, kin ga ƙarshensu a bayyane yake. Idan sai kin saya, nemi masu caji, ba masu cin batir ba, a gwada duka biyun a lokaci guda a shago, don wasu rimot ɗin ɗaya yana juya na ɗayan. Idan akwai ƙananan ƙanne a gidan, duba ko akwai batir ɗin nan mai kama da maɓalli, kuma murfinsa da sukuru yake. Yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2, asibiti ake nufa nan take.

Amma ki sake tambayarsa me ya burge shi a fim ɗin. Idan dukan ne, to. Idan kuwa wurin da Max ya cire na'urar jin murya daga gawar Noisy Boy ya dasa wa Atom ne, kina da ɗan makaniki a gida, kuma kuɗinki ya fi amfani a wani wuri. Akwai wani ɗan allo da ake kira Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005 don ɗalibai. Ana sayar da shi a haɗe da tayoyi, da ƙananan injuna, da wayoyi, da na'urar da ke gane cewa akwai bango a gaba. Yaro ya haɗa, ya rubuta 'yan umarni a kwamfuta, sai motar ta riƙa tafiya tana kauce wa ƙafar kujera da kanta. Ya lalata, a sake kwancewa. Sharaɗinsa kwamfuta, da babba mai haƙuri a makon farko, domin wayar da aka soka ba daidai ba tana iya sa yaro ya yi zuciya ya watsar.

Kafin ki kashe kuɗin ma akwai gwaji na kyauta. Scratch, manhajar koyon rubuta umarnin kwamfuta da jami'ar MIT ta yi don yara, da Tinkercad, inda ake haɗa Arduino na cikin allo ba tare da an sayi komai ba. Idan ya yi mako 2 yana komawa da kansa, saya masa. Ki kuma ba shi matacciyar rediyo ko tsohuwar na'urar DVD da sukundireba, ba a jone da wuta ba. Yaranmu da ke ƙera mota da gwangwani da silifas da injin rediyo daga nan suke farawa. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ce kawai ban yarda ya buɗe ba, tana riƙe wuta ko an cire ta daga soket.

Ni ɗan kallon dambe ne, ba na fashin gidan dambe. Abokaina sun ce in kalli wannan fim, ni kuma ina ganin wasan yara ne, ƙarfe ya san dambe? Zai ci lokacina? Daga wani matashi a Sakkwato.

Kalla, za ka fi abokan naka gane shi. Ba zane aka yi da ka ba. Mutane aka sa wa kaya masu na'urori suka yi damben, kwamfuta ta ɗauki motsinsu ta ɗora wa ƙarafan, kuma wanda ya ba da shawara a kan damben, ya kuma horar da Hugh Jackman, shi ne Sugar Ray Leonard, mai zinaren Olamfik na 1976, wanda ya riƙe kambun duniya a aji biyar na nauyi. Shi ya sa kowane ƙarfe da irin tsayuwarsa. Wasu daga cikinsu, har da Atom, an ƙera su da gaske don wuraren da ake ɗaukarsu kusa da mutane. An kashe kimanin dala miliyan 110, fim ɗin ya kawo kusan miliyan 300, ya kuma shiga takarar Oscar ta 2012 a fannin haɗa hoto, ko da yake bai ci ba.

Damben Turawa ne, hannu biyu, ba mashi da garkuwa irin namu ba, kuma faɗan ƙarshe turmi 5 ne. Amma lissafin za ka gane shi. Zeus ya saba kisa tun a turmin farko, bai taɓa yin doguwar tafiya ba. Da na'urar jin muryar Atom ta lalace, sai aka koma tsarin kwaikwayo, Charlie yana wajen igiya yana damben da jikinsa, Atom yana bi. Charlie ya sa Atom ya jingina ya rufe fuska ya yi ta shan duka har ƙarfin Zeus ya ƙare, sannan ya buɗe masa wuta. Dabarar Muhammad Ali ce a kan George Foreman a Kinshasa a 1974, inda ya bar shi ya gajiyar da kansa ya kuma kayar da shi a turmi na 8. A fim ɗin dai ƙararrawa ce ta ceci Zeus, alƙalai suka ba shi da maki, jama'a kuma suka bi Atom.

Inda zan yarda da kai shi ne ƙarfe ba ya jin zafi kuma ba ya jin tsoro. Ɗan damben da makaɗi ya kira sunan ubansa da garinsu, tsikar jikinsa ta tashi ya fito yana rawa, ya san abin da zai rasa idan ya faɗi. Masu fim ɗin sun san da wannan giɓi, shi ya sa a turmin ƙarshe kyamara take barin ƙarafan ta koma kan fuskar Charlie da ta ɗansa. Tsohon labarin da aka samo fim ɗin daga gare shi, wanda Richard Matheson ya rubuta a 1956, ya ma fi tsauri: a can mutum-mutumin ne ya lalace, mai shi ya yi shigar ƙarfe ya shiga fage da kansa don kada kuɗin ya wuce shi.

Na gasken kuma sun fara. A watan Mayu na 2025 an yi gasar damben mutum-mutumai a birnin Hangzhou na ƙasar Sin, da wasu na kamfanin Unitree, mutane suna juya su da rimot. Tsayinsu bai wuce na yaron firamare ba, kuma wani lokaci naushin da suka kai ne yake kayar da su. 'Yan damben Kudu da Arewa da Guramada su kwantar da hankalinsu tukuna.

Na ga tallan kashi na biyu a YouTube, wani kuma ya ce zai tura mini idan na biya. Ya fito ne? Daga wani ɗalibi a Yamai.

Bai fito ba, riƙe kuɗinka. Tallan da kake gani haɗe-haɗe ne, ana yanko guntaye daga wasu finafinan Hugh Jackman a haɗa da hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira don a tara masu kallo. Daraktan, Shawn Levy, ya sha faɗin cewa yana son ci gaba, a farkon 2022 kuma an ba da labarin cewa manhajar kallo ta Disney+ na shirin mayar da shi mai dogon zango, amma shiri daban, fitowa daban. Levy da Hugh Jackman sun sake haɗuwa a fim ɗin Deadpool & Wolverine a 2024, wanda ko kusa ba na yara ba ne, kada sunayen su ruɗe ka ka sa wa ƙannenka. Idan labarin yaro da ƙarfe kake nema musu, The Iron Giant na 1999 zane ne mai kyau da 'yan shekara 7 zuwa sama za su iya zama a gabansa. Idan kuma uba da horo da fage kake so, Dangal na Aamir Khan na 2016 yana nan, kokawa ce, 'ya'yan kuma mata ne, sai dai ka tanadi data domin ya haura awa 2 da rabi.